Dabarar Tukunya

Da Ubaidullahi zai tafi Libiya, bai bar wa ƙanensa Ammar komai ba sai tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. A cikinta akwai wasan harbi da ake yi ta intanet, wanda samarin Dogo-Dogo suke kira Tsibiri. Jirgi ne yake zubar da mutane a wani tsibiri, huɗu-huɗu, kowa ya nemi bindiga, a yi ta kashe juna har ekip ɗaya, wato ƙungiya ɗaya, ta rage. Ubaidullahi da kansa ya buɗe wa Ammar kwanti, wato asusun wasa, a ciki, ya sa sunansa a jerin abokai, ya nuna masa wani ɗan ɗigo a gefen sunan.

"In ka ga wannan ya yi kore, ina nan da raina. Kada ka dame ni da kira."

A shekarar farko yana bugo waya. A ta biyu ya rage. Daga ƙarshen damina sai lambarsa ta mutu, wata murya ta riƙa amsawa da Larabci, magana ɗaya kullum. An tambayi waɗanda suka dawo daga Sabha. Wani ya ce ya gan shi, wani ya ce ai ba shi ba ne. Amma ɗigon bai mutu ba. Jefi-jefi sai ya yi kore, ya ɗan jima, ya koma launin toka.

Mahaifiyarsu, Inna Habsatou, ba ta san wasa ba, ba ta ma son kallon mutanen nan masu gudu a cikin gilashi. Ɗigon kawai ta sani. Da safe kafin ta taɓa turmi sai ta leƙo ɗakinsa.

"Ammar, ya kunna fitilarsa?"

In ya ce ya kunna, ranar za ta ci tuwo har ta yi wa maƙwabta dariya. In ya ce bai kunna ba, ko fura sai an roƙe ta.

Ammar ya aika saƙo ta cikin wasan har ya gaji. Ubaidullahi ya rufe akwatin saƙonsa, ko don kunya, ko don tsoro, Allah kaɗai ya sani. Hanya ɗaya ta rage, ita ce gayyata cikin ekip. In mutum ya karɓi gayyatarka, makirfo yana buɗewa, ku ji muryar juna. Sai dai masu wasan, waɗanda suka ƙirƙira shi, sun tsara shi hawa-hawa, tagulla, azurfa, zinariya, kuma na tagulla ba ya gayyatar na zinariya. Ubaidullahi yana zinariya. Ammar yana can ƙasan tagulla, domin rezon Dogo-Dogo, wato sabis ɗin intanet, ba ya barin mutum ya yi jarumta. Ka ɗaga bindiga, hoton ya daskare, kafin ya motsa an riga an gama da kai.

Fadar su Ammar, inda samarin ke zaman hira, tana gindin wani bedi, wato dogon-yaro, a bayan tashar kabu-kabu, inda rezo ya fi kamawa. Nan suke shan shayi, nan suke dafa shinkafa da wake in an samu. Maikuɗi, mai sharjin wayoyi da faifan hasken rana, shi ne ya gano dabarar, kuma ba da wayonsa ba. Wata rana ana cikin harbinsa a Tsibiri, mutuminsa na cikin wasan ya faɗi yana jan ciki, sai ga babansa ya tunkaro yana nemansa zuwa gona. Ya rasa inda zai ɓoye wayar, ya jefa ta cikin tukunyar alminiyon da suka gama cin wake, ya kifa murfi. Da tsohon ya gama faɗa ya wuce, ya buɗe. Sai ga mutuminsa tsaye, lafiya lau, wanda ya harbe shi ya juya baya yana kwasar kaya.

Suka gwada, suka sake gwadawa. Ashe masu wasan sun yi wa mutanen da rezonsu ke yankewa wani sassauci: in haɗin ya katse kana ƙasa, da ya dawo sai a mayar da kai yadda kake ɗan lokaci kafin a harbe ka. Ita kuwa tukunya, da an rufe ta, rezo ya ɗauke.

Mainassara, wanda ya girme su duka, ya ajiye butar shayi ya ce, "Wannan ha'inci ne."

"Ha'inci?" in ji Maikuɗi. "Su da rezo ke zubo musu kamar famfo fa? Yaro yana kwance a Dubai yana harbinmu tun ba mu gan shi ba, wannan adalci ne? Mu tukunya Allah ya ba mu."

"Wanda ka tashi ka harba ta baya, shi ma ƙila ɗan wani ƙauye ne."

"To ya nemi tukunya. Uwarsa ba ta girki?"

Aka yi dariya. Ammar bai yi ba. Ya san Mainassara ne ke da gaskiya. Ya kuma san cewa da hannunsa da wannan rezon, har ya tsufa ba zai bar tagulla ba. Washegari ya ɗauki ƙaramar tukunyar miyar Inna ya rataya a bayan keke.

Cikin sanyin nan duka bai yi wani aiki ba. An kai karan gero gida ba da shi ba, an gyara rumbu ba da shi ba. Yana gindin bedi, tukunya tsakanin ƙafafunsa, murfi a hannun hagu. A harbe shi, ƙwal, ya rufe. Ya buɗe, ya tashi, ya kashe. Waɗanda ya kashe suna zaginsa da harsunan da bai sani ba, wasu kuma da Faransanci mai kyau da yake ganewa sarai tun daga kolej. Ba ya jin daɗin nasarar. Yana dai kallon sandar maki tana cika. Ya haye azurfa. Ya ci gaba. Ran da ya taka zinariya, Maikuɗi ya yi ihu ya ɗaga shi sama, shi kuwa ya buɗe jerin abokai kawai. Ɗigon yana toka.

Ya jira. Ranar kasuwa da hantsi ɗigon ya yi kore.

Yatsansa ya kai kan wurin gayyata, sai ya janye. Bai dace ya riga Inna jin muryar ɗanta ba. Ya bar tukunya da keke a nan ya ruga gida da ƙafa. Ya tarar tana tankaɗe, ya kamo hannunta da garin da komai, ya ja ta zuwa tudun bayan gida inda rezo yake ɗan taɓawa. Tana haki, mayafinta a karkace.

"Yanzu za ki ji shi, Inna. Ki yi magana a nan, a gindin wayar."

Ta goge hannunta a zane. Ta gyara murya kamar za ta shiga gaban manya.

Ya danna. Wani zobe ya fara juyawa. Ya juya, ya juya. Sai tsibirin ya ɓace, jerin abokai ya ɓace, wani jan allo ya rufe gilashin da rubutun Faransanci. Ammar ya karanta sau ɗaya, ya gane kowace kalma. An rufe wannan kwanti har abada saboda amfani da kuskuren wasa don cutar sauran 'yan wasa. An kuma hana wannan waya shiga.

"Salamu alaikum," in ji Inna, bakinta a gindin wayar. "Ubaidu? Ni ce."

"Rezo ne, Inna. Ya ɗauke."

Ta dubi jan allon, ta dubi fuskarsa. Ba ta iya karatu ba, amma ita ta haife shi. Ta juya ta gangara tudun a hankali, ba ta jira shi ba.

A fada ya tarar da makoki. Wayar Maikuɗi ja, ta abokinsu Sidi ja, duk wanda ya taɓa rufe murfi an share shi a lokaci guda. Mainassara kaɗai ya tsira. Ammar ya durƙusa a gabansa.

"Nemo mini shi a wayarka."

"Da me? Sunansa duk taurari ne da wasu ƙugiyoyi, ba a rubuta shi. Sai da lambar kwanti. Ka haddace ta?"

Bai haddace ba. Wa yake haddace abin da ke gabansa kullum? Ubaidullahi bai sa kowa a jerinsa daga garin nan ba sai ƙanensa.

Maikuɗi yana ta zage-zage. "Kuskurensu ne fa! Su suka bar ƙofa a buɗe. In na bar shagona a buɗe akuya ta shiga, akuya zan yanka?"

"Kai ba akuya ba ne," in ji Mainassara. "Ka san abin da kake yi."

"To ko na sani! Ko shanun makiyayi suka ci gona, gidan mai gari ake ɗaure su, a duba ɓarna, a biya, a sake su. Wa ya taɓa kashe garke don sun ci wake? Su ƙwace zinariyar, su mayar da mu tagulla, su dakatar da mu har damina. Amma har abada? Su Allah ne?"

Mainassara ya daɗe yana juya shayi. "Nan kam ban musa maka ba."

Ammar ya tashi. Akwai mutum ɗaya da ya san za ta iya magana da masu wasan: Safiatou, ɗiyar kawunsa, taubashiyarsa, wadda ke koyar da Ingilishi a wani kolej a Magaria. Da asuba ya hau bayan moto, babur ɗin haya. Yashi ya kayar da su kafin Dungass, ya tashi ya kakkaɓe, gwiwarsa na jini, bai ji ba. Sun shiga Magaria rana tsaka.

Ya same ta a inuwar zaure tana gyaran takardun ɗalibai. Ta ɗago ta dube shi daga sama har ƙasa.

"A'a, bawana ne da kansa? Wa ya sako ka daga ƙauye? Ka zo wanke mini kwanuka?"

Bai rama ba. Nan ta gane ba lafiya ba. Ta ajiye biro, ta kawo masa ruwa, ta saurara har ya gama. Da ya kai kan tukunya sai dariya ta kufce mata, ta toshe baki, ta ga idanunsa, ta daina.

"Ba ka taɓa ɗaukar hoton jerin ba? Ko sau ɗaya?"

"A'a."

"Kai, Ammar."

Ta buɗe wayarta, ta nemo wurin da ake kai ƙara ga masu wasan. Ta ce ya faɗa, ita za ta juya.

"Ki ce na yi. Kada ki ce ban yi ba. Ki ce su kwashe komai, makin, bindigogin, kayan, ban so. Ki ce kada ma su bar ni in sake wasa. Su buɗe mini jerin abokai kawai in kwafi lamba ɗaya. Ko su aiko mini da ita. Ko su gaya masa uwarsa tana nemansa. Ki ce tsohuwa ce. Ki ce ba ta cin abinci."

Ta rubuta da Ingilishi, ta sake rubutawa da Faransanci, ta aika. Ko ruwan bai gama sha ba amsa ta shigo.

"Har sun karanta?"

Safiatou ta bi layukan da ido. "Ba wanda ya karanta. Na'ura ce. Ta ce sun gode da ka tuntuɓe su. Hukuncin masu cin amanar wasa ba a sake duba shi. Kuma ba sa ba wa kowa bayanin wani ɗan wasa, don kare shi."

"Kare shi daga wa? Daga Inna?"

"Ba su san Inna ba."

"Ki sake aikawa."

Ta sake. Amsar ta dawo, kalma ɗaya ba ta canja ba. Ya ce ta sake. Ta ƙi.

"Ka ji ni, ɗan gwaggo. Ni ma in na kama yaro yana satar amsa, sifiri nake ba shi, kuma ba na jin tausayi. In ban yi haka ba, wanda ya kwana yana karatu na cuta. Mutanen da kuka riƙa tashi kuna harbi ta baya, su ma wani abu suke nema a wasan nan, ba ka sani ba."

"Na sani."

"Amma ina kiran yaron in ji bakinsa. Kuma ba na ƙona masa jakar makaranta da duk abin da ke ciki." Ta jefar da wayar kan tabarma. "Waɗannan ba su da ofishin da mutum zai je ya tsaya a ƙofa. Da akwai, da na raka ka."

Ammar ya zauna ya zuba wa wayar ido. Can ya ce, "Taki ba a hana ta ba."

"To?"

"Sauko mini da wasan."

"In sa harbe-harbe a wayata? Ɗalibaina su gani?"

"Don Allah, Safiatou."

Tun suna yara bai taɓa kiranta da sunanta ba sai da tsokana. Ta sauko da wasan. Rezon Magaria ya fi na gida nesa ba kusa ba, abin bai daɗe ba. Ya buɗe sabon kwanti, ba maki, ba aboki, mutuminsa sanye da ɗan kamfai da singileti kamar kowane sabon shiga. Ya zaɓi a haɗa shi da baƙi, duk wanda aka samu. Da jirgi ya tashi, makirfo ya buɗe tsakaninsa da mutum uku da bai sani ba. Ya kai wayar bakinsa.

"Salamu alaikum. Akwai mai jin Hausa? Ina neman Ubaidullahi na Dogo-Dogo, yana Libiya."

Wani ya amsa da wani harshe, wani ya yi tsaki ya kashe makirfonsa. Aka harbe Ammar tun bai sami bindiga ba. Ya sake shiga. Ya faɗi maganar da Hausa, ya faɗe ta da Faransanci. Wani yaro ya kwaikwayi muryarsa yana dariya. Ya sake shiga. Wani daga Kano ya ce, "Malam, nan filin yaƙi ne, ba gidan rediyo ba, ɗauki bindiga!" Ya sake shiga. Aka kira azahar, ya yi salla, ya dawo. Safiatou ta ajiye masa abinci, ƙudaje suka ci. Muryarsa ta fara dushewa. Ba ya gudu, ba ya harbi, ya dai sauka ya ɓuya a bayan wani gini don ya daɗe da rai, ya yi ta maimaitawa.

Wajen la'asar wata murya mai kauri ta katse shi.

"Kai, wa ke kiran Dogo-Dogo a nan?"

Ammar ya miƙe tsaye. "Ni ne! Yaya, kana ina?"

"Turabulus. Ni ɗan Guci ne. Wa ka ce kana nema?"

"Ubaidullahi. Dogo, baƙi, yana da tabo a gira. Ɗan Habsatou."

"Tsaya, ana harbina." Aka ji ƙarar bindiga, mutumin yana numfashi. "Ubaidu uku na sani a ƙasar nan. Ɗaya yana aikin gini a nan kusa. Ɗaya an kama shi tun azumi. Ɗaya kuma an ce ya hau ruwa."

"Wanne ne na Dogo-Dogo?"

"Wallahi ban tambaye su ba. Nan ba a tambayar mutum garinsu sosai. Mai ginin dai yana wasan nan, ina ganinsa da waya."

"Ba ni lambarka! Lambar waya, faɗi, ana rubutawa!"

Safiatou ta riga ta fizgo biro, ta juya bayan takardar wani ɗalibi.

"To, rubuta. Sifiri, tara, biyu... kai, ga su nan ta bayanka, gudu, gudu!"

Ammar bai ga wanda ya harbe shi ba. Mutuminsa ya kife, allon ya yi duhu, muryar ta yanke. Ya danna sunan mutumin don ya roƙe shi abota. Wani rubutu ya fito: sabon kwanti ba ya aika roƙon abota sai ya kai mataki na goma, don hana waɗanda aka kora dawowa su dami mutane. Kafin ya gama karantawa, an mayar da shi farkon wasa, sunan ya tafi.

Safiatou tana riƙe da takarda mai lamba uku.

"Ka ga sunansa?"

"Na gani. Rabinsa kawai. Akwai damisa a ciki, ko zaki."

"Ɗan Guci ne. Guci ba nisa. Ranar kasuwarsu ka je ka tambayi wa ke da ɗa a Turabulus."

"Rabin garin."

"To ka bi rabin garin."

Mai moton da ya kawo shi ya leƙo zauren, ya ce in ba su kama hanya yanzu ba, yashi zai kwana da su. Ammar bai ɗago ba.

"Ka tafi. Ka biya gidanmu ka ce wa Inna ina wurin kawu."

"In ta tambaye ni wani abu fa?"

"Ka ce an ga wani mai kama da shi yana aikin gini."

Safiatou ta dube shi. "Ɗaya cikin uku ne, Ammar."

"Shi za a gaya mata."

Mai moton ya tsaya jim, ya ga ba za a ƙara masa komai ba, ya fita. Suka ji tashin moton har ya yi nisa. Wayar ta yi ƙara, batir ya kusa ƙarewa. Safiatou ta shiga ɗaki ta jawo waya mai tsawo ta sharji, ta miƙa masa, ta koma kan takardunta ba tare da ta ce ya ba ta kayanta ba. Ammar ya jingina da bango kusa da soket, ya yi gyaran murya, ya ji zafi a maƙogwaro. Jirgi ya sake tashi da shi da wasu baƙi uku.

"Salamu alaikum. Akwai ɗan Guci a nan?"